Shin Ya Kamata A Hura Wa Kaji Wuta Lokacin Hunturu?

Ko wace shekara in kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, sai ka ji masu kiwon kaji a bayan gida sun shiga wata shawara wadda ba ta ƙarewa, watau ko ya kamata a sa wa kaji wuta a akurki domin su ji ɗumi, ko kuwa a bar su yadda Allah ya halicce su. Wani ya ce in ba a kai musu kaskon gawayi ba sanyi zai kashe su, wani kuma ya ce wutar ita ce ajalinsu. Da ya ke maganar ta shafi dukiyar talakawa, har ma da rayukansu, mun ga ya kyautu mu zauna mu auna ta da kyau, mu bayyana wa masu karatu abin da masana suka tabbatar, sa'an nan mu faɗi namu ra'ayin.

Kada wani ya ɗauka maganar kaji ƙaramar magana ce. A ƙauyukanmu kaza ita ce asusun mace, ita a kan kama a kai kasuwa ran da yaro ya kwanta ciwo, ko ran da aka koro shi daga makaranta don kuɗin littafi. A birni kuwa ma'aikata da yawa sun koma ajiye kaji goma ko ashirin a bayan ɗaki don su taimaki albashi. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, farashin kome ya tashi, har da masara da waken soya waɗanda su ne jigon abincin kaji. Sabo da haka kazar da ta mutu yau hasararta ta fi ta jiya zafi, kuɗin da za a kashe wajen gawayi ko kananzir ko lantarki shi ma ya fi na jiya nauyi. Kuskure ta ko wane gefe yana da tsada.

Inda Gardamar Ta Fito

Asalin wannan gardama ta mutanen ƙasashen sanyi ce, kamar arewacin Amurka da Kanada, inda ruwa ke daskarewa wata uku ko huɗu a jere, ma'aunin zafi kuma ya kan sauka digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri. A 'yan shekarun nan ta ƙara ƙarfi a can, domin murar tsuntsaye da ta ɓarke a gonakin Amurka a watan Fabrairu 2022 ta jawo hasarar kaji da sauran tsuntsayen kiwo fiye da miliyan 160 kafin tsakiyar 2025. Ƙwai ya yi tsada ƙwarai. A watan Janairu 2023 matsakaicin farashin dozin guda ya kai dala 4.82, a watan Maris 2025 kuma ya kai dala 6.23. Ganin haka sai mutane da yawa waɗanda ba su taɓa riƙe kaza ba suka kafa akurki a bayan gida. Da sanyin farko ya zo, ƙanƙara ta sauka, sai tausayi ya kama su, suka fara rataya wa kajin fitilun lantarki masu zafi. Ga shi kuwa yanzu wayar hannu ta haɗe duniya, shawarar da aka bayar don mutumin Kanada sai ta iso hannun mutumin Kano ko na Maraɗi, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko sanyin can ɗaya ne da na nan.

Abin mamaki, ko a can ɗin malaman gona ba su goyi bayan hura wuta ba. Abin da su ke koya wa jama'arsu shi ne, kaza babba mai lafiya, wadda gashinta ya cika, ba ta bukatar a ɗumama mata ɗaki sai fa in sanyi ya wuce kima ainun. Abin da ta ke bukata shi ne ɗaki busasshe, wanda iska ba ta bugun ta kai tsaye, amma kuma yana da kafar da tururi zai fita ta sama. Sun lura cewa ciwon da sanyi ke yi wa zankon zakara da yatsun ƙafarsa ya fi aukuwa a ɗakin da aka toshe ya yi laima, domin numfashin kaji da kashinsu suna ta da tururi, tururin ya sauka bisa zanko ya daskare.

Mutanen Kanada na dā ma ta wata hanya dabam suka ɓullo wa abin. A farkon ƙarni na 20 wani mai ibada Kirista, Wilfrid Chatelain, a gidan ibada na Oka cikin lardin Kubek, ya yi shekaru yana haɗa irin kaji har ya fid da wata mai ƙaramin zanko da gashi mai kauri, wadda a ke kira Chantecler, aka nuna ta ga jama'a a 1918. Watau ya gyara irin kazar don ta dace da ƙasar. Har wa yau masu kiwo a can suna kawo wata hujja mai ƙarfi. Kazar da aka bari ta shiga sanyi sannu a hankali jikinta ya kan saba, amma wadda aka saba mata da ɗumi, in wuta ta ɗauke da tsakar dare, sanyin ya kan faɗo mata gaba ɗaya ba shiri. Ba kuwa tsoro ne na banza ba, gama a watan Fabrairu 2021 guguwar sanyi ta katse lantarki ga gidaje fiye da miliyan 4 a jihar Teksas, waɗansu har kwanaki.

Yadda Jikin Kaza Ya Ke

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san halittar da mu ke magana a kanta. Kuskuren da yawancinmu mu ke yi shi ne mu auna kaza da jikinmu, in mun ji sanyi mun jawo bargo sai mu ɗauka ita ma haka ta ke ji. Alhali kuwa zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Selsiyus, na kaza kuwa wajen digiri 41. Ban da wannan, tana sanye da rigar da ta fi bargonmu. In sanyi ya zo sai ta buɗa gashinta, iska ta shiga tsakaninsa ta ɗumama, ta zama kariya. Da dare ta hau sanda ta kwanta bisa ƙafafunta, ta cusa baki cikin gashin bayanta, ta matsa jikin 'yar'uwarta. Masana sun auna sun ga kaza guda mai ƙwai tana fid da ɗumi kusan wat 10, watau kaji goma a ɗaki ɗaya kamar an kunna musu tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 ne, ba tare da an biya ko anini ba.

Inda kaza ke da rauni shi ne wajen zafi. Ba ta yin gumi ko kaɗan, sabo da haka in zafi ya tsananta ba ta da dabara sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. In aka haura 30 sai ta rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, in aka doshi 40 kuma sai mutuwa ta fara. Duk mai kiwo a Sakkwato ko Maiduguri ya san watan Afrilu ya fi watan Janairu ɗauke masa kaji.

To, yaya sanyinmu ya ke in an gwada da wannan? A Kano cikin Disamba da Janairu, ma'auni ya kan sauka wajen digiri 13 da asuba, da rana kuma ya koma kusa da 30. A Jos da tsaunin Mambila ya kan fi haka sauka, waɗansu darare har ƙasa da 10. Lalle wannan sanyi ne a jikin mutum, balle ga iska mai busar da leɓe da faso a ƙafa. Amma ga kaza babba, daren digiri 12 bai yi nisa da abin da ta fi so ba. In kazar Kanada tana kwana ba wuta alhali ruwan shanta yana daskarewa, ina dalilin da za a hura wa tamu wuta a ƙasar da ruwan randa bai taɓa zama ƙanƙara ba?

To, Me Ke Kashe Kaji Da Hunturu?

Mun san abin da mai karatu zai ce. Zai ce, "Ai da idona na ga kajina sun ƙare cikin hunturu, in ba sanyi ba mene ne?" Gaskiya ne kaji suna mutuwa da yawa a wannan lokaci, ba mu musa ba. Amma zuwan abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Babban mai kisan shi ne cutar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jaba da kuma garin Niyukasil na Ingila. Alamunta sanannu ne: kaza ta takure ta saki fukafukai, tana zawo kore, tana numfashi da ƙyar, wani lokaci wuyanta ya murɗe. In ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, ta kan share kusan duka cikin 'yan kwanaki. Binciken likitocinmu ya nuna ta fi yawaita a watannin hunturu, lokacin da iska ke ɗaukar ƙura daga gida zuwa gida, kuma a ke yawan kai kaji kasuwa don bukukuwan ƙarshen shekara. Kaza mai wannan ciwo ta kan takure kamar mai jin sanyi, shi ya sa mai ita ya kan ce sanyi ne, ya tafi neman gawayi maimakon neman malamin dabbobi.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya cikin jihar Kaduna a watan Fabrairu 2006, ta kuma sake dawowa a 2015 da 2021. Ita ma wuta ba ta maganinta. Wanda ya ga kajinsa suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, wajibi ne ya sanar da ma'aikatan dabbobi, kada ya yanka ya ci, kada kuma ya yi hanzarin kai sauran kasuwa ya raba wa jama'a annoba.

Abu na uku shi ne wanda mu da kanmu mu ke jawowa. Don gudun sanyi sai a bi ko wace kafa ta akurki a toshe da leda da buhu. Kashin kaji kuwa yana fid da wata iska mai zarni, wadda a ke kira amoniya. In ba ta sami hanyar fita ba sai ta taru, ta ƙone wa kaji ido da maƙogwaro, ta buɗe wa cututtukan numfashi ƙofa. Ga gwaji mai sauƙi: mutum ya shiga ɗakin da sassafe ya durƙusa daidai tsawon kaza, in zarni ya bugi hancinsa ko idonsa ya yi yaji, to, kajin sun kwana cikin wahala, kuma ƙarin wuta ba zai ƙara musu kome ba sai ta da zarnin.

Haɗarin Wutar Kanta

Yanzu bari mu duba abin da wutar ke jawowa. Na farko gobara. Akurki wuri ne na ƙaiƙayi da dusar katako da gashi da ƙura, sau da yawa ga zana ga rufin ciyawa, kuma hunturu shi ne lokacin da kome ya bushe ƙayau, iska tana kaɗawa. Kaza kuwa ba ta zama wuri ɗaya, in ta firgita ta yi fiffike sai ta ture fitila ko ta watsa garwashi. A gidajenmu akurki ya kan jingina da ɗakin kwana ko da rumbu, sabo da haka wutar da ta tashi a can ba a can za ta tsaya ba. Wanda ya sa iyalinsa da hatsinsa na shekara cikin haɗari don kaji goma waɗanda ba su ma nemi wutar ba, ya yi abin nan da Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

Na biyu hayaƙin gawayi. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Tsuntsu kuwa ya fi mutum saurin kamuwa da ita. Don haka ne ma masu haƙar kwal a Ingila su kan shiga rami da kanari cikin keji, in ya faɗi su san guba ta taru su gudu, ba su bar wannan al'ada ba sai a 1986. Mun taɓa ganin aikin wannan guba a wata makaranta da muka kai wa ziyara. 'Yan ƙungiyar manoma matasa sun tara kuɗinsu sun sayo 'yan tsaki, suka rufe ɗakin ruf da leda, suka sa kasko biyu na gawayi don ƙauna. Da gari ya waye aka tarar fiye da rabi sun mutu, ba ciwo, ba alamar ɓera ko muzuru. Yaran suka yi ta kuka suna cewa sanyi ne, har sai da aka nuna musu cewa waɗanda suka tsira su ne na kusa da ƙasan ƙofa, inda iska ke ɗan shigowa.

Na uku kuɗi. Fitilar ɗumama kaji ta lantarki wadda aka fi sani mai wat 250 ce. In ta kwana ta wuni a kunne ta sha awo 6 na lantarki. A watan Afrilu 2024 an sa wa masu rukunin A farashin naira 225 ko wane awo, ko da ya ke an ɗan rage daga baya. Bisa wannan lissafi fitila guda ta ci naira 1,350 a yini, watau naira 40,500 a wata, in kuwa da dare kaɗai a ke kunna ta, rabin haka. Mai kaji goma, ko da suna ba shi ƙwai 8 kullum, abin da zai tara a wata kiret 8 ne, daga ciki kuma zai fid da kuɗin abinci da magani. Kowa ya yi lissafi ya ga abin da zai rage. Waɗanda ba su cikin rukunin A suna biyan ƙasa da haka, amma su ne wuta ta fi ɗauke wa, ga shi kuma a 2024 babban layin lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama. Kananzir ma tun ƙarshen 2022 lita ta haura naira 1,000. Gawayi kuwa ko ya fi araha, daga itatuwanmu ya ke fitowa, a ƙasar da hamada ke matsowa.

'Yan Tsaki Dabam Su Ke

Duk abin da muka faɗa a sama game da manyan kaji ne. In aka zo ga 'yan tsaki sai hukunci ya juya, kuma a nan ne masu cewa a hura wuta su ke da gaskiya cikakkiya. Ɗan tsako in ya fito daga ƙwai bayan kwana 21, ba shi da gashi sai ɗan laushin nan, jikinsa kuma bai iya riƙe ɗumi da kansa ba. A makon farko yana bukatar digiri 32 zuwa 35 a inda ya ke kwance, sa'an nan a riƙa ragewa wajen digiri 3 ko wane mako, har gashinsa ya cika a mako na biyar ko na shida. Daren digiri 13, wanda uwarsa ba ta damu da shi ba, shi ajalinsa ne. In sanyi ya kama 'yan tsaki su kan hau kan juna, na ƙasa su mutu don matsi, waɗanda suka tsira kuma su tsumbure.

Kazar gida mai 'ya'ya ta ɗauke wa mai ita wannan wahala, gama tana iya rufe goma ko goma sha biyu ƙarƙashin fukafukanta. Abin da ta ke nema kawai shi ne lungu busasshe, a kuma tsare ta kada ta fita da su cikin iskar asuba sai rana ta ɗaga. Amma 'yan tsakin da a ke sayowa cikin kwali daga injin ƙyanƙyasa marayu ne, mai su shi ne uwarsu, tilas ya ba su ɗumi ko da hunturu ko da damina.

Ga yadda za a yi ba tare da an faɗa haɗarin da muka ambata ba. A kewaye su da kwali ko falanki mai tsawon kamar ƙafa ɗaya da rabi, a zagaye, don kada a sami kusurwar da za su taru. A shimfiɗa dusar katako ko ɓuntun shinkafa busasshe. In gawayi za a sa, a hura shi a waje har hayaƙi ya ƙare ya zama jan garwashi, a zuba cikin tukunyar ƙasa, a ɗora bisa bulo ko yashi, a kewaye ta da waya yadda ba mai taɓa ta. In fitila ce, a ɗaure ta da waya ko sarƙa, kada a rataya ta da igiyar lantarkinta. Ko wace iri ce, lalle a bar kafa a sama a buɗe dare da rana, kada kuma mutum ya kwana cikin ɗakin. Wanda ba shi da ma'aunin zafi, 'yan tsakin da kansu za su gaya masa. In sun cunkushe jikin wuta suna tsiwa, sanyi su ke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun taru a ɓangare guda, iska ce ke shigowa ta wani wuri. In kuwa sun bazu ko ina suna ci suna sha suna barci, to, an dace.

Ban da 'yan tsaki, akwai waɗanda su ma a ke yi wa rangwame: kaza marar lafiya, da wadda ta zub da gashi, da wadda ruwa ya jiƙa. Irin waɗannan a ware su a kai su wuri mai ɗumi su kaɗai, wannan ya fi a ɗumama akurki duka. Masu kiwo a Jos da Mambila kuma za su iya tsawaita kwanakin ɗumama 'yan tsaki da mako ɗaya ko biyu in sanyi ya yi tsanani.

Maganar Raguwar Ƙwai

Waɗansu suna hura wuta ne don sun ga ƙwai ya ragu. A ƙasashen sanyi babban dalilin raguwar shi ne gajartar rana, domin kaza tana bukatar haske na awa 14 zuwa 16 kafin ta yi ƙwai sosai, alhali a arewacin Amurka ranar Disamba ba ta wuce awa 9. A wurinmu bambancin kaɗan ne, gama a Kano rana mafi gajarta ta haura awa 11, mafi tsawo kuma ba ta kai 13 ba. Wanda ke son ƙarin ƙwai, ƙaramar fitila mai cajin rana da za ta haskaka ɗaki awa biyu ko uku da asuba ko da magariba ta ishe shi, haske a ke nema a nan.

Sauran dalilan kuwa abinci ne da ruwa. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, da sanyi kuma ta kan ƙara, domin abincin shi ne itacen da ta ke hura wutar jikinta da shi. In ba a ƙara mata ba, sai ta karkatar da abin da za ta yi ƙwai da shi wajen ɗumama kanta. Ga kajin gida masu yawo kuma, da rani ƙwari da ɗanyar ciyawa sun ƙare, abin tsincewa ya yi ƙaranci. Ruwa ma haka, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, iskar hunturu kuwa tana shanye kaskon ruwa tana cika shi da ƙura tun kafin azahar. Kuɗin da za a kashe wajen gawayi, in aka sayi dusa da tunkuza da 'yar dawa ta watsawa da yamma, ya fi amfani nesa.

Abin Da Mu Ke Gani

Ra'ayinmu dai shi ne, a ƙasarmu kada a hura wa manyan kaji wuta, a ba 'yan tsaki ɗumi da lura har gashinsu ya cika. Maimakon wuta, ga abin da ya kamata mai kiwo ya yi tun kafin watan Nuwamba. Da ya ke iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, ya kare waɗannan ɓangarori biyu da zana ko buhu, ya bar kudu da yamma a buɗe, ya kuma bar kafa ƙarƙashin rufi, sama da inda kaji ke kwana. Ya ɗaga labulen in rana ta fito. Ya kafa sandar kwana sama da ƙasa, ko wace kaza ta sami wajen inci 8 zuwa 10. Ya sa shimfiɗa mai kaurin inci 4, ya riƙa juya ta, ya kwashe inda ya jiƙe. Kada ya cunkusa kaji, ko wace guda a ba ta filin ƙafa 3 ko 4 murabba'i. In ya sayo sabuwar kaza daga kasuwa, ya ware ta mako biyu kafin ya haɗa ta da sauran. Gaba da kome kuma, ya yi musu rigakafin Niyukasil kafin iska ta taso.

A nan ne aikin hukuma ya shigo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin maganin rigakafin wannan cuta, har da irin wanda ke jure zafi, wanda a ke ɗiga wa kaza a ido, ya kuma dace da ƙauyen da ba firiji. Amma maganin da ke Vom bai amfani matar da ke ƙauye ba sai ya iso ƙofar gidanta, kuma kwalba guda ta kaji da yawa ce, ta fi ƙarfin mai kaza biyar. Muna roƙon ma'aikatun gona na jihohi da ƙananan hukumomi su sa ranakun rigakafi unguwa unguwa a watan Oktoba, tare da taimakon dagatai da masu unguwa, yadda kwalba ɗaya za ta wadaci gidaje goma. Gidajen rediyo su ma su riƙa faɗakarwa game da gawayi a rufaffen ɗaki, domin gubar da ke kashe 'yan tsaki ita ce ke kashe mutane. Malaman makaranta kuwa, musamman masu koyar da aikin gona, su sa yara su rataya ma'aunin zafi a akurkin makaranta, su riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Yaron da ya ga lambar da idonsa ba zai yarda da jita-jita ba, kuma shi zai kai labarin gida wurin uwarsa.

Tausayin dabba hali ne mai kyau, ba mu hana kowa ba. Abin da mu ke nema shi ne a haɗa tausayin da sani, a ba kaza abin da jikinta ke bukata, watau busasshen wuri, da iska mai tsabta, da abinci, da ruwa, da rigakafi. Muna fata masu karatu da suka gwada wannan shawara a hunturun bana za su rubuto mana abin da suka gani, ko ya yi daidai da maganarmu ko ya saɓa, domin jama'a su ƙaru. Allah ya tsare mu daga gobara, ya sa albarka cikin abin da mu ke kiwo, amin.